Wace kalma za mu ba "terre" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu aikin kuran a nan Maraɗi. Ina so mu tsai da suna guda ga waya ta uku cikin wayoyin wutar gida, wadda masu gyara ke kira "ter", daga terre ta Faransanci. Sauran biyun an saba da su: faz ita ke kawo wuta, notir ita ke mai da ita. Ta ukun ce aka fi tsallakewa in ana ja wa sabon gida wuta. Mai gida na jin "ter" sai ya ɗauka mai gyara ne ke neman ƙarin kuɗi, ya ce a bar ta, ai fitila na kamawa.

Gaskiya ne tana kamawa. Wutar da NIGELEC ke shigo mana da ita gida volt 220 ce, kuma waya biyu sun isa fanka ta juya. Ta ukun, mai launin tsanwa da rawaya, ba ta ɗauke da komai muddin lafiya lau ake. Bakinta ɗaya na manne da jikin ƙarfe na firigo, ko dutsen guga, ko injin jan ruwa. Ɗayan bakin na ɗaure da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ranar da robar faz ta cinye, wayar ta taɓa jikin firigo, sai wutar ta bi nan ta sauka ƙasa. Dizonktar, wato na'urar da ke katse wuta, irin mai auna bambanci, zai ga abin da ya fita ta faz bai dawo duka ta notir ba, ya katse nan take. In babu wayar, jikin firigon zai zauna da wutarsa har sai wata ta zo ɗaukar ƙanƙara babu takalmi, kan jiƙaƙƙen siminti. Wutar da ta haura miliamfa 30 (awon yawan wutar da ke gudana) in ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake son na'urar da ke katsewa a wannan ma'auni.

Wasu sun ce "wayar ƙasa". Ita ta fi kusa da asali, amma ƙasa kalma ce mai fuska da yawa. Wani zai ji wayar da aka binne, wani zai ji wadda ke daga ƙasa a kan falwaya, wani ma tarhon gwamnati zai tuna. Wani malami ya kawo "wayar tsira". Na ji daɗinta, Malam, sai dai ba ta gaya wa yaron mai gyara inda zai kai wayar ba, kuma dizonktar ma ai tsira yake bayarwa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne turke. Sandar da ake bugawa mu kira ta turken wuta, wayar kuma wayar turke. Duk wanda ya taɓa kiwon rago ya san turke abu ne da ake kafawa da ƙarfi, kuma in igiya ta tsinke amfaninsa ya ƙare.

An yi mini gardama cewa turke hana tafiya yake yi, alhali wannan waya hanyar fita take ba wuta. To amma ba wutar aka ɗaure ba. Jikin na'urar aka ɗaure da ƙasa, don kada ƙarfin wutar da ke kansa ya ɗaga sama da na ƙasar da ƙafarka ke takawa. Kuma kalmar na juyuwa a baki ba wahala: "An turke gidan nan?" "Ba a turke injin ba, kada ka taɓa." Gwada faɗin haka da "ter" ka ji.

Tana kuma taimaka wa abin da ya shafe mu nan. Ƙasar unguwanninmu na kan tudu rairayi ce, busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar wuta sosai. Guntun ƙarfe da aka soka bakin katanga ba turke ba ne. Ana son sanda doguwa, wajen mita 2, a inda ke riƙe laima, a auna ta da na'ura, kuma awon rani ya fi na damina faɗin gaskiya. Ga kuma kayan da ke shigowa daga Katsina da Jibiya da filogi mai haƙori uku na Ingila, wanda ba ya shiga piriz ɗinmu, wato ramin da ake soka filogi. Sai a sa adafta mai rami biyu, ko a yanke kan a ɗaura wani. Dogon haƙorin da aka yar, shi ne na turken.

Abu guda kada sabon sunan ya ruɗe mu: notir ba wayar turke ba ce. Masu haɗa su cikin piriz don rage kuɗin waya, in notir ta tsinke a hanya, jikin na'urar ne zai ɗauki wuta.

Yayyenmu masu sana'ar, na Damagaram da Tawa har da na Katsina, in akwai wani abu a aikinku da kuka riga kuka sa wa turke, ku faɗa kafin mu fara koya wa yara wannan.