Mai hawan jini zai iya cire haƙori?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Hajiyarmu na da hawan jini, tana shan amlodipine da ƙaramin aspirin. Turminta na ƙasa ya yi kogo, ga sanyin Jos ya hana ta barci. Ana ta ce mana in an cire jini ba zai tsaya ba. Masana, ina mafita?

Likitar Haƙori:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ana cirewa, amma sai an auna jinin tukuna, bayan ta zauna ta huta minti 5. In ya kai 180/110 a ɗage aikin, ta fara ganin likitanta. In bai kai ba, galibi ana yi.

Don Allah kada ta tsallake maganinta na safe. Da yawa sukan zo ba su sha ba, wai don za a yi musu allura, ga tsoro, sai jinin ya hau. Ku je da sassafe, ta karya kumallo, ban da goro da kofi, ku riƙo kwalayen magungunanta duka. Allurar kashe wurin tana ɗauke da adrenaline kaɗan, wani sinadari mai iya ɗaga jini, shi ya sa ga mai irin wannan lalura ake taƙaita ta, kamar kwalba 2. Zafin aikin da wuri bai mutu ba ya fi ta tayar da jini.

Aspirin ɗin ma kada ta daina da kanta. Bayan an cire, ta cije auduga da ƙarfi minti 30, kada ta kurkure baki ko ta yi ta tofi ranar, domin gudan jinin da ya toshe ramin zai fita. In jini ya ƙi tsayawa duk da sabuwar auduga, a koma asibiti.

Mai Haɗa Magani, Bukuru:
Malam, hattara da diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis. Suna tara ruwa da gishiri a jiki, su rage ƙarfin maganin hawan jini, su wahalar da ƙoda. Paracetamol ya fi dacewa, giram 1 duk awa 8. Ruwan ɗumi da gishiri sai washegari, ta kurkure ta zubar, kada ta haɗiye.

Nas Gangare:
A duba dasashinta ma. Amlodipine da nifedipine kan kumbura shi har ya hau kan haƙora, abinci ya maƙale. Wankin haƙori a asibiti da buroshi mai laushi safe da dare suna ragewa. Sauya magani kuwa aikin likitanta ne. In an gama cire haƙorin, ta zauna minti 2 kafin ta miƙe daga kujerar, saboda jiri.