Me za mu kira chinkana da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salam jama'a, a taimaka min don Allah, ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Labarin masu binciken kayan tarihi na Peru nake fassarawa, a Janairun 2025 suka ce sun gano hanya a ƙarƙashin birnin Kusko, ta taso daga Korikanca, ɗakin bautar rana na mutanen Inka da Sifaniyawa suka ɗora cocin Santo Domingo a kai, har ganuwar Saksaiwaman, wajen mita 1,750. Su chinkana suke ce mata, a yaren Kecuwa wurin da mutum ke ɓacewa kenan. Na rubuta rami na goge, don ba haƙa ba ce kawai, an jera duwatsu gefe da gefe aka rufe sama.

Bazazzagi: Kogo fa?

Bakatsina: A'a yaya, kogo Allah ne ya yi shi. Hanyar ƙarƙashin ƙasa, ita kowa ke ji a labarai.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Muna da marina, majema, mahauta, me ya hana maɓata? Daidai da ma'anar Kecuwan, kalma ɗaya tak. Shekara 20 ina gaya wa ɗalibai harshenmu yana haifar kalmomi, mu ne muka hana shi.

Bazazzagi: Allah gafarta malam, manomi ya ji maɓata a rediyo zai ɗauka masu ɓata abu ake nufi.

Malamin Hausa: Karin sauti ya raba su ai, kuma da baki zai faɗa.

Ɗan Damagaram: Mu nan tunel muke cewa, an gane.

Malamin Hausa: Kun gani ko? Aro daga Faransanci, alhali ga namu.

Ɗan Damagaram: To malam, rediyo da situdiyo daga kasuwar Kurmi kuka samo su? Kullum in Hausarmu ce sai a ce ta gauraya, in ta Kano ce shiru.

Bakatsina: Ku bari mana, bawan Allah yana da shiri. Kuma ku tuna da na'urar rada mai hango cikin ƙasa suka hango ta daga saman ƙasa, har da rassa uku, rassan nan ne ke ɓatar da mutum, nan kam malam yana da gaskiya.

Mai shirin rediyo: Na gode. Zan ce hanyar ƙarƙashin ƙasa da suke kira chinkana, wato maɓata, sau ɗaya a farko.

Malamin Hausa: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma ka ja wasalin ƙarshe sosai.