Kalmar Hausa a madadin "débit": ni na tsaya a kan "kauri"

Ƴan uwa masu kishin harshe, jiya da marece a wani shagon tura finafinai a nan Tawa na tarar da mai shago yana fama ya fahimtar da wani dattijo dalilin da ya sa fim ɗin faifai ya fi na salula kyau, alhali kowanne an rubuta masa 1080, lambar da ke nuna girman hoto. Kalmar da ta gagare shi ita ce wadda Faransawa ke kira "débit", wato yawan bayanan da fim ke zubowa a kowace daƙiƙa.

Tazarar ba ƙarama ba ce. Faifan Blu-ray, wanda ya fito a 2006, yana cin giga 25 a shimfiɗa guda, hotonsa kuma yakan kai megabit 40 a daƙiƙa, yayin da Netflix ke cewa megabit 5 sun isa a kalli hoto mai girman 1080 ɗin. Abin da aka zubar wajen matse fim don rage yawan bayanansa yakan tonu a wurin duhu, ko inda ƙura ta tashi dawakai na sukuwa, sai hoton ya farfashe ƙananan murabba'ai. Haka ma sauti: tsarin sauti na Dolby TrueHD da ke kan faifai ba ya zubar da komai, na saukewa kuwa galibi an rage shi.

Wasu sun kawo "gudu" a madadin "débit", amma gudu na rezo ne (wato layin sadarwa), ba na fim ba. "Nauyi" kuma tuni masu tura finafinai suka ba wa girman fim gaba ɗaya.

Dalilina na zaɓen "kauri" yana cikin ƙwaryar fura, ko hura, yadda mu Adarawa ke faɗa. Ƙwarya biyu suna iya zama girma ɗaya, kowacce cike har baki, amma ɗaya an dama ta da nono, ɗaya an cika ta da ruwa. Ƙwaryar ita ce girman hoto, 1920 da 1080; abin da ke cikinta shi ne kaurin. Sai mu ce "kaurin hoto" da "kaurin sauti", don kada a zaci kaurin faifan kansa ake nufi. Fim ɗin da aka matse fiye da kima kuma mu ce ya yi tsululu. Na guji "ya tsinke" da gangan, domin da an ji shi za a ɗauka rezo ne ya yanke.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ko "tsululu" na da wata ma'ana a bakinku da za ta kawo ruɗani?