Neman shawara: fostar "Biruma no Tategoto", ta 1956 ce ko ta 1985?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu ya kawo ni Tokiyo, kuma na kamu da son tara tsofaffin fostocin finafinan yaƙi na Japan. Jiya a wani shago a unguwar Jimbocho na ga fostar "Biruma no Tategoto" na darakta Kon Ichikawa, labarin sojan da ya zama ɗan zuhudun Buda don ya binne gawarwakin 'yan uwansa a ƙasar Burma (Myanmar ta yanzu). Takardar ta yi ruwan ƙasa a gefe, akwai ramukan ƙusa a kusurwoyi huɗu. Raina ya biya ƙwarai, amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ta yaya zan gane asalinta kafin in saya?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka yi gaggawa, domin Ichikawa sau biyu ya yi fim ɗin nan. Na 1956 baƙi da fari ne, na kamfanin Nikkatsu, Shoji Yasui ne ya fito a Mizushima, wato sojan da ya zama ɗan zuhudu, Rentaro Mikuni kuma kyaftin ɗinsu. Na 1985 mai kala ne, Kiichi Nakai ne jarumin, Toho ne ya rarraba shi. Duba tambarin kamfani da sunayen 'yan wasa a ƙasa. Kada kalar fostar ta ruɗe ka, a wancan zamanin ana yi wa fostar fim baƙi da fari kala.

Ƙari a kan maganar Malam: ka je da abin awo. Girman da aka saba shi ne B2, santimita 51.5 da 72.8. Ka taɓa takardar, in sun yarda. Tsohuwa ba ta cika sheƙi ba. Ramukan ƙusa ba aibi ba ne a wurina, alama ce an taɓa kafa ta.

Ni abin da ya dame ni shi ne ranar da za ka kawo ta gida. Gara ta cinye mini takardun mahaifina cikin damina ɗaya, wallahi har yau ina jin zafin abin. Kada ka lanƙwasa ta, kada salatif ya taɓa ta, kada ka rataye ta inda rana ke bugawa.

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in Allah ya kai mu zan koma in duba tambarin.