Muhawara: Har yanzu Jeep motar Amurka ce?

Ɗan Kasuwa: Ni dai ina nan a kan bakana, Jeep ta tashi daga motar Amurka. Mai ita yanzu Stellantis ne, wanda aka kafa a Janairun 2021 da Fiat Chrysler ya haɗe da PSA, masu Peugeot da Citroën. Hedikwatarsa a Holan take, kuma wanda ya fi kowa hannun jari a ciki Exor ne, kamfanin iyalan Agnelli na Italiya. Yau Jeep da Peugeot ɗin da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna 'yan gida ɗaya ne.

Injiniya: Alhaji, takardar rajista ba ta ƙera mota. Wrangler da Gladiator a Toledo ta jihar Ohio ake yin su, garin da Willys ya yi wa sojoji Jeep lokacin yaƙin duniya na biyu. Grand Cherokee kuma a Detroit. Ma'aikatan 'yan ƙungiyar ƙwadago ta UAW ne, da aka shiga yajin aiki a Satumban 2023 ma Toledo na cikin masana'antu uku da aka fara tsayarwa.

Malama: Duk kuna magana kamar jiya abin ya fara. Kamfanin motoci na Amurka AMC ya sayi Jeep a 1970, daga baya Renault na Faransa ya zama babban mai hannun jari a AMC. Cherokee XJ ta 1984, wadda Amurkawa ke yi wa kallon Jeep ta asali, a zamanin Renault ta fito. Chrysler ya karɓa a 1987, Daimler na Jamus ya shigo a 1998, ya fice a 2007. Da Chrysler ya karye a 2009 Fiat ya shigo, ya mallake shi gaba ɗaya a 2014.

Bakanike: Mai saye ya duba lambar shaidar mota (VIN) a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, mai haruffa da lambobi 17. In ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka harhaɗa, 2 Kanada, 3 Meziko, Z Italiya. Renegade da aka kai Amurka da ZAC take farawa, don a Melfi ta Italiya aka yi ta, ƙasanta ɗaya da Fiat 500X. Inji 2.4 ɗin da ke cikinta yana da MultiAir na Fiat, inda man inji ne ke buɗe bawul ɗin shigar iska. An san shi da shan mai, in ya yi ƙasa sosai motar tana iya mutuwa a kan titi. 0W-20 ake zuba masa, kuma a riƙa jan difstik.

Ɗan Kasuwa: To kun ji. Fiat ce aka ɗinka wa riga.

Bakanike: A'a yallabai, kada a ɗora wa Turai komai. Injin Pentastar 3.6 na cikin Wrangler aikin Chrysler ne, shi ma da tasa cutar. Gidan filtar mai na roba ne, yana zaune tsakiyar inji ƙarƙashin manifol. Zafi ko ɗaure murfi fiye da Nm 25 kan tsaga shi, mai ya taru ya gangara ta bayan inji har kan giya, sai wani ya zaci sil ɗin kiranshaf ne ya sa a sauke giya a banza. Gyaransa shi ne a cire manifol na sama da na ƙasa, a sa na alminiyam da sababbin robobi. Giyar Wrangler mai takwas kuwa zanen kamfanin ZF ne na Jamus, amma ana yin ta a Kokomo ta jihar Indiana da lasisi.

Ɗan Kasuwa: Ni wanda ke yanke hukunci nake dubawa. A 2023 an tsayar da masana'antar Belvidere ta Illinois da ke yin Cherokee, a ƙarƙashin shugaban Stellantis na lokacin, Carlos Tavares, ɗan Fotugal da ya fito daga PSA. Jeep Avenger kuma a Foland ake yin ta, kan ƙasan Peugeot 2008.

Injiniya: Kamfanin General Motors (GM) ma ya rufe masana'antarsa ta Lordstown a jihar Ohio a 2019, shi kuwa ba baƙo ba ne. Avenger ɗin ma ba a sayar da ita a Amurka.

Malama: Amma ribar Toledo, Injiniya, aljihun wa take shiga? Wannan ba ka amsa wa Alhaji ba.