Gam ko ɗinki? Masu gogewa kan tiyatar fankiriyas ku zo mu ji

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Talata za a shiga da Baba tiyata. Ƙari aka gano a fankiriyas, tsokar nan ta bayan tumbi mai fitar da insulin. Yayana ya ji wai yanzu gam ake sawa a liƙe wurin, ba sai an ɗinke ba. Akwai wanda ya gani da idonsa?

Malam Sani, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni bara aka cire min wutsiyar fankiriyas ɗin. An sa gam ɗin, amma sai da aka ɗinke tukuna aka shafa a kai. Duk da haka wurin ya yi yoyo, na yi sati 5 da robar tsiyayar da ruwa a gefen ciki. Kullum da asuba uwargida ke auna ruwan da ya taru a leda, ta rubuta a tsohon littafin lissafin yara.

Anti Hajara, Sabon Gari:
Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin masu tiyata. Gam ɗin, wanda ake kira fibrin, daga jinin mutane ake haɗa shi, yana daskarewa kamar gudan jini. To ruwan fankiriyas aikinsa ke nan narkar da nama da kitse, gam zai gagare shi? Shi ya sa gwaje-gwaje ba su nuna yana hana yoyon ba. Wajen tsayar da tsattsafin jini dai yana taimakawa. Ke dai a rana ta 3 bayan aikin ki tambayi sakamakon amilas na ruwan robar, wato sinadarin narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa. In ya haura ninki 3 na abin da ake samu a jini, za a ƙara sa ido.

Alhaji Bala, Ƙofar Doka:
Hajiyata aikin Whipple, wato cire kan fankiriyas, aka yi mata a Indiya. Na biya kuɗin TachoSil, wani soso mai irin wannan gam ɗin, daban, kuma ba ta yi yoyo ba. Na ɗauka shi ne, sai likitan ya ce fankiriyas ɗinta ce mai tauri, bututun ruwanta kuma da faɗi, zare ya samu wurin kamawa. Mai laushi ita ke ba su wahala.

Maman Ilham:
Na gode, Allah ya saka. Anti, robar nan in an sallame mu da ita, wa zai riƙa wanke mana bakin wurin?