Maki 40 da aka yanke min a da'irar ƙarshe, adalci ne?

Dogon Fiffike ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kwanan nan na yi gasata ta farko ta jirgin sama mara inji, a ajin Kulob (ɗaya daga cikin rukunan jiragen gasa), kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Rana ta uku an ba mu zagayen kilomita 280. Iska mai ɗumin da muke hawa ta mutu da wuri, saura kilomita 25 na ga lissafina bai cika ba. Haka na lallaɓa har na shiga da'irar ƙarshe, wato da'irar da aka shata kewaye da filin jirgi inda tsere ke ƙarewa, amma mita 40 ƙasa da tsayin da aka gindaya. Na sauka lafiya lau a filin jirgi. Da daddare na duba allo, an zare min maki 40, ɗaya kan kowace mita. Ban gogi kowa ba, ban tsorata kowa ba. Don Allah manya, tun da na iso gida, mene ne laifina?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaro, barka da arziki tukuna. Ka tambayi kanka abu ɗaya: da a ce iska mai dannawa ƙasa ta same ka a kilomita 5 na ƙarshe, ina za ka sauka? Idan ba ka da gonar da ka riga ka zaɓa, to ga amsarka nan.

A da layi ake ketarewa a kan filin jirgi. Mutane su taho a guje dab da ƙasa, suna tsallake bishiyoyi da wayoyin lantarki, an kuma yi asarar rayuka a haka. Shi ya sa hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda ke Lozan a Suwizalan, ta kawo da'irar nan mai nisan aƙalla kilomita 3 daga tsakiya, da tsayin da ba a so ka gaza. Tsere ya ƙare kana sama, sai ka zubar da ruwan da ake zubawa a fiffike don ƙara nauyi in ajinku na ɗauka, ka natsu, ka shirya sauka. Na'urar GPS da ke naɗar tafiyarka ba ta san ka sauka lafiya ba, tsayi kawai take gani.

Mai Jan Tirela ta amsa:

Baba, na yarda da kai, amma a faɗi gaskiya, lissafin makin ne ke ingiza su. Shekara shida ina ɗauko mijina daga gonakin mutane, na ga fuskarsa a irin ranakun nan. Mafi yawan abin da ake samu a rana maki 1000 ne. A tsarin da aka daɗe da shi, ranar da kusan kowa ya dawo gida, wajen kashi biyu bisa uku na makin na gudu ne, kuma wanda bai gama ba ba ya samun ko ɗaya a ciki. Wato wanda ya yi hankali ya sauka a gona saura kilomita 4 zai tashi da ɗari uku da 'yan kai, wanda ya yi kasada ya kutsa ya kwashi ɗari takwas, a cire masa 40. Wa zai zaɓi gona? Ni a ganina yankan ma ya yi kaɗan.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuma shi ne cincirindo. Jirage ashirin a iska ɗaya suna kewayawa kamar ungulu, kowa na jiran wani ya fara tafiya ya bi shi. FLARM, na'urar gargaɗin karo, na kuka, amma kuka kawai take yi, ba ta juya jirgi.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Gaskiyarki ne, 'yata. Dokar cincirindo a fili take: wanda ya fara shiga shi ke da ikon ɓangaren juyawa, kowa ya bi, ba a yanke wa mutum gaba, ba a shiga gajimare, kowa da lemar tsira a bayansa. Amma muddin bin baya na kawo maki, za a ci gaba da bi.

Dogon Fiffike ya amsa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Na buɗe naɗin tafiyata a kwamfuta yanzu. Kilomita 6 kafin da'irar, daji ne kawai a ƙarƙashina, gona ta ƙarshe na baro ta a baya da minti biyu. Mita 100 na sa wa na'urata a matsayin rarar tsayi. Baba, kai nawa kake sawa a rana mai iskar gaba?